Yadda Ake Riƙon Karen da Aka Tsinta a Kumasi har ya Sami Gida

Duk wanda ke bin hanyoyin Aboabo, Asawase ko Sawaba da asuba yana ganin karnukan da ba su da mai su suna tone bola a bakin kwata, wasu ƙazwa ta cinye musu gashi, wasu kuma suna jan ƙafar da mota ta taka. A Suame Magazine ana samun karya ta haihu a ƙarƙashin mataccen ƙarfen mota, 'ya'yanta sun yi dumu-dumu da baƙin mai. Mutane da dama suna jin tausayinsu, kaɗan ne suka san abin da ya kamata a yi bayan tausayin, shi ya sa wanda ya ɗauki kare da kyakkyawar niyya yakan mayar da shi titi bayan 'yan kwanaki, ya bar rigima a gidan haya, wani lokaci ma har da yaron da aka ciza. Riƙon irin wannan kare na ɗan lokaci, ko ɗaukarsa gaba ɗaya, aiki ne mai tsari, kuma mafi yawan nasararsa tana rataye ne a kan abin da aka yi kafin karen ya shigo gida da makonni biyun farko bayan shigowarsa.

Matakin farko shi ne mutum ya warware wa kansa batun addini, domin shi ne tambayar da kowa zai fara yi masa a zango. Hadisi ingantacce ya zo a Bukhari da Muslim game da mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa, saboda haka ceton dabba daga yunwa da ciwo aikin lada ne. Akwai kuma hadisin da ya nuna ladan mutum yana raguwa kullum idan ya ajiye kare ba don farauta, tsaron dabbobi ko tsaron gona ba, kuma malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan. Ana ruwaito cewa Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, ya ajiye kare don gadi, da aka yi masa magana sai ya ce da Imamu Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya lasa sau bakwai kuwa bin umarni ne, alhali a wajen Shafi'iyya najasa ce mai kauri. Abin da ya fi dacewa shi ne mutum ya zauna da malaminsa, sannan ya tsai da shawarar cewa karen zai zauna ne a tsakar gida ko bayan gida, nesa da ɗakin kwana, wurin salla, randar ruwa da butocin alwala.

Daga nan sai neman yardar mutanen gida. Yawancinmu a gidajen haya muke, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, kuma kare ba abin da za a ɓoye ba ne. A sami maigida a natse a ce masa, misali, "Baba, na tsinci wani kare mara lafiya, ina neman izininka in killace shi a bayan gida na wata biyu, zan kai shi a yi masa allura, kuma kashinsa da abincinsa duk a wuyana suke." Ambaton wa'adi da ɗaukar nauyin tsafta su ne suke sa a amince. Bayan maigida sai matan gidan, domin su ne ke wuni a tsakar gida da yara, su ne kuma masu shanya hatsi da kiwon kaji. Idan ɗaya daga cikinsu ta ƙi, a ganina gara a haƙura a taimaka ta wata hanya, kamar sayen abinci ko biyan kuɗin allura ga wani mai fili a Tafo ko Asokore Mampong, maimakon a shigo da karen da ƙarfi a wayi gari an zuba masa guba.

Sai a lissafa kuɗi tun kafin a fara. Akwai kuɗin ganin likitan dabbobi, allurai, maganin tsutsar ciki da na kaska, abinci na kullum, da kuɗin motar kai shi asibiti, tunda ba kowane direban trotro ne zai yarda a shiga da kare ba, galibi sai an yi shatar pragya ko aboboya, wato babura masu ƙafa uku. A je asibitin a tambayi farashin ranar, a kuma ware wani abu a gefe don ciwon ba-zata.

Wurin zama ba ya bukatar tsada. Ana son lungu mai inuwa da iska, mai rufin da zai tare ruwan sama, musamman a daminar Kumasi mai tsawo, da daɓen siminti da za a iya wankewa. A ɗora katako a kan bulo don ya kwanta sama da ƙasa, a shimfiɗa tsohon buhu, a ajiye kwanuka biyu da ba za su sake komawa kicin ba. Siminti ya fi yashi saboda wani ƙuda da ke yin ƙwai a busasshen yashin da fitsari ko kashi ya taɓa. Tsutsarsa tana huda fatar kare, musamman ɗan kwikwiyo, ta zauna a ciki ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya, wanda idan aka duba da kyau ana ganin kanta yana motsi. Ana toshe ramin da man shafawa mai kauri, sai ta leƙo neman iska a matso ta a hankali, amma idan ƙurajen sun yi yawa aikin likita ne.

Kamun karen shi ne wuri mafi haɗari, kuma a nan ne ya kamata a fi yin haƙuri. Kafin a matsa kusa a tsaya daga nesa a dube shi sosai. Karen da yawu ke dalala daga bakinsa, muƙamuƙinsa a sake, muryarsa ta canza, yana cizon itace ko duwatsu, yana tangaɗi ko ƙafafunsa na baya sun shanye, ba a taɓa shi ko kaɗan, domin alamomin haukan kare ne. Sai a kori yara daga wurin a sanar da ofishin likitocin dabbobi na gwamnati. Idan babu waɗannan alamomi, hanyar da ta fi aiki ita ce abinci. A riƙa zuwa lokaci ɗaya kullum, a ajiye abincin a ja da baya, a tsuguna a gefe ba tare da zura masa ido ba, tunda kare yana ɗaukar kallon cikin ido a matsayin neman faɗa. Wani karen a rana ɗaya zai biyo mutum, wani sai an yi mako. Idan ya saba, sai a zura masa igiya mai zarge a wuya a hankali, ko a sa abincin a cikin keji a rufe bayan ya shiga. Karen da ya ji rauni yana cizo ko da mai sanyin hali ne, saboda haka a lulluɓe shi da bargo mai kauri, a ɗaure bakinsa da tsumma mai laushi a matsayin takunkumi muddin ba ya amai kuma yana numfashi daidai, sannan a ɗora shi a kan katako a ɗauka. Idan 'yan kwikwiyo aka tarar su kaɗai, kada a yi gaggawar kwashe su, a jira a gani ko uwar ta tafi neman abinci ne, domin babu abin da ya kai nononta amfani a gare su, kuma in da hali a haɗa da ita a ɗauka.

Daga wurin kamu, asibitin dabbobi ya kamata a nufa kafin gida. Akwai na gwamnati a Amakom, akwai makarantar koyon likitancin dabbobi a jami'ar KNUST, ga kuma masu zaman kansu a cikin gari. Likita zai ƙiyasta shekarun karen ta haƙoransa, ya auna zafin jikinsa, ya ɗaga leɓensa ya duba dasashi; idan dasashin ya yi fari fat maimakon ja-ja, jini ya yi ƙaranci, galibi saboda tsutsar ciki ko zazzaɓin da kaska ke kawowa. Shi ne zai faɗi ko jikin karen zai ɗauki allura a ranar ko sai ya ɗan murmure. Allurar haukan kare ana fara ta ne daga wata 3 da haihuwa, a kuma riƙa sabunta ta kowace shekara. Akwai wata allurar haɗaka da ke kare shi daga cututtuka da dama, ciki har da farbo, ciwon amai da zawon jini da ke kashe 'yan kwikwiyo cikin kwanaki kaɗan. Ana fara ta a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai kimanin mako 16. Maganin tsutsa kuwa ana ba ƙaramin kwikwiyo duk mako 2 har ya cika wata 3, sannan kowane wata har wata 6, daga nan duk bayan wata 3. A karɓi katin allura a adana shi wuri mai kyau, domin shi ne shaidar da za a nuna ranar da karen ya yakushi ɗan maƙwabci, kuma shi ne za a miƙa wa wanda zai ɗauke shi daga baya.

Da an dawo gida sai killacewa na aƙalla mako biyu. Mutum ɗaya babba ne zai riƙa shiga wurinsa, yana wanke hannu da sabulu bayan ya fito, yara kuma su tsaya daga nesa komai nacinsu. Wannan lokaci yana ba da damar ganin ciwon da ya ɓoye, yana kuma ba karen damar gane cewa nan ba a jifa. Sai dai a sani cewa ƙwayar haukan kare takan yi makonni ko watanni a jikin dabba kafin ta bayyana, saboda haka karen da aka tsinta da raunin cizo a jikinsa yana bukatar sa ido na tsawon lokacin da likita ya yanke, kuma duk wani canjin hali da aka gani a watannin farko a kai rahotonsa nan take.

Wajibi ne kowa a gidan ya san abin yi idan cizo ko yakushi ya faru. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. Kada a ɗaure raunin, kada a tsaya shafa toka ko ganye, a tafi asibiti a ranar, ko Komfo Anokye ko asibitin Manhyia ko mafi kusa, a nemi allurar rigakafin haukan kare. Karen kuma kada a kashe shi, a tsare shi kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi. Idan ya cika kwanakin lafiya lau, alama ce cewa babu ƙwayar a yawunsa lokacin cizon, amma ba a jiran cikar kwanakin kafin a fara wa mutum allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare, kuma da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi. An kuma tabbatar cewa yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura yana katse yaɗuwarta, saboda haka karen titi ɗaya da aka kama aka yi wa rigakafi kariya ce ga yaran unguwa. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya, kuma a daidai lokacin akan shirya gangamin allura, sai a kasa kunne.

Wajen ciyarwa, kuskuren da tausayi ke jawowa shi ne cika wa ramammen kare kwano a ranar farko. Cikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar wannan, yana iya jawo amai da zawo har ma da mutuwa. A ba shi kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a rana, abinci mai laushi kamar dafaffiyar shinkafa da ƙwai ko kifin da aka cire wa ƙaya, a riƙa ƙarawa a hankali cikin mako guda. Idan ya murmure, babban kare sau biyu a rana ya ishe shi, ɗan kwikwiyo sau uku ko huɗu. Tuwo ko banku zalla ba ya gina jiki, sai an haɗa da nama, kayan ciki, kifi ko ƙwai, kuma mahautan unguwa sukan sayar da guntattaki da araha ga wanda ya saba da su. Ragowar miyarmu ba ta dace da shi ba, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, ga barkono da gishiri. Cakulan da inabi guba ne a gare shi, haka ma goro, wanda a gidajenmu yake zube ko'ina. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. A lokacin Babbar Salla a kula ƙwarai, domin kitse da ƙasusuwan da kowa ke jefa masa suna kwantar da kare, kuma a nisanta shi da ragon layya tun daga ranar da aka ɗaure shi. Ruwa mai tsafta kada ya yanke a kwanonsa dare da rana.

Game da ƙazwa da kaska, akwai al'adar shafa wa kare baƙin man mota, ko yi masa wanka da maganin feshin gona. Duka biyun suna ƙona fata, karen kuma yana lasa ya sha guba. Likita yana da allura da ruwan wanka na ƙazwa, akwai kuma ƙwayoyin da ake taunawa masu kashe kaska da ƙuma na wata ɗaya, wasu har kusan wata uku. Kaska tana ɓuya a cikin kunne, tsakanin yatsu da ƙarƙashin wuya. A kama ta dab da fata a ja a miƙe, a jefa a kananzir, kada a fasa ta da farce. Haka nan kada a ba kare maganin ciwon jiki na mutane irin su farasitamol ba tare da umarnin likita ba.

Idan lafiya ta samu sai a koma kan hali, domin karen da ba shi da ladabi ba ya samun mai ɗauka. A sa masa suna gajere a riƙa kiransa da shi lokacin cin abinci. A fitar da shi da igiya da sassafe da kuma bayan la'asar, lokacin da ƙasa ba ta da zafi, a kai shi wuri ɗaya don yin kashi, a kwashe a zubar. Idan ya yi abin da ake so a ba shi ɗan guntun nama nan take, idan ya yi kuskure a ce "a'a" da kakkausar murya a janye shi. Duka ba ya koya wa karen titi komai sai ƙarin tsoro, kuma tsoro ne ke sa cizo. Ɗaure kare da gajeriyar sarƙa dare da rana, wai don ya yi zafi, yana mayar da shi haɗari ga mutanen gidan kansu. Karen da ya san mutanensa kuma ya ƙoshi shi ne ke yin haushi idan baƙo ya taɓa ƙofa da dare. Gabatar da shi ga yara a yi shi bayan killacewa, yana ɗaure da igiya, yaro ɗaya bayan ɗaya, a koya musu kada su taɓa shi yana ci ko yana barci, kada su ja masa wutsiya, kada kuma su ruga a gabansa. A ƙarshen shekara, lokacin da ake fasa abubuwan wasan wuta, a tabbatar ƙofa a rufe take, domin ƙarar tana sa karnuka su tsere su ɓace.

Kafin a ba da shi, a tattauna da likita kan dandaƙa namiji ko cire wa mace mahaifa. Karya takan nemi barbara kusan sau biyu a shekara, cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka, kuma takan haifi 'ya'ya da yawa a lokaci ɗaya, waɗanda mafi yawansu titin da aka ɗauko uwarsu za su koma. Malamai sun yi saɓani kan dandaƙar dabbobi, sai mutum ya haɗa wannan da tambayoyin da zai kai wa malaminsa. Wanda bai natsu da aikin ba, to ya ɗauki nauyin tsare karyar a rufe duk lokacin da take neman namiji, kimanin mako uku.

Nemo masa gida na dindindin yana bukatar bincike irin na mai ba da riƙon ɗa. A ɗauki hotonsa da rana bayan an yi masa wanka, a rubuta kimanin shekarunsa, alluran da aka yi masa da halinsa na gaskiya, har da aibinsa, kamar korar kaji ko tsoron maza masu riƙe da sanda, a tura wa 'yan uwa da abokan aiki ta WhatsApp, a kuma sanar da asibitin dabbobin da ya duba shi, tunda masu neman kare sukan tambaya a can. Masu gonaki da masu gidaje masu katanga a bayan gari su ne suka fi dacewa. Duk wanda ya nuna sha'awa a tambaye shi ko gidan nasa ne ko haya, wa zai riƙa ciyar da karen idan ya yi tafiya, ya taɓa riƙe kare, kuma me ya sami na baya. Amsar tambayar ƙarshe takan bayyana komai. Kada a miƙa kare ga baƙon da ya ce a haɗu a tashar Kejetia, domin akwai masu sayen karnuka don yanka, kuma kyauta ta fi musu araha. A je gidan da ƙafa a ga inda zai kwana, a ga katanga da inuwa, a gaisa da matar gidan a ji ko da saninta.

Ranar miƙawa a tafi da katin allura, kwanukansa, buhun da ya saba kwanciya a kai da abincin kwana biyu ko uku, a kuma rubuta wa sabon mai shi ranar allura ta gaba. A yi yarjejeniya a gaban shaida cewa idan zaman bai yiwu ba za a dawo da karen, ba za a sayar ko a sake shi a titi ba. A kira bayan mako ɗaya, a kai ziyara bayan wata ɗaya, a duba haƙarƙarinsa da kunnuwansa da kwanon ruwansa. Sabon kare yakan ƙi cin abinci ko ya yi ta kuka a dararen farko, wannan ba dalilin dawo da shi ba ne, sai a ba sabon mai shi haƙuri ya ƙara masa lokaci.

Akwai karnukan da ba za a sami mai ɗaukarsu ba, kamar tsoho, mai ido ɗaya ko mai ƙafa uku. Wanda ya ga alamar haka tun a asibiti ya yanke shawara da wuri ko zai iya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa, wadda a wajen kare mai samun kulawa takan wuce shekara 10, ya kuma koma wurin maigida ya sabunta izinin, tunda na farko na wata biyu ne kawai aka nema. Idan ba zai iya ba, ya nemi mutum biyu ko uku su raba nauyin, ɗaya ya ba da wuri, sauran su riƙa tura kuɗin abinci da na allurar shekara-shekara.